Lamba ɗari bakwai daga cokalin garin ƙaro: wacce za a riƙe, wacce za a zubar?

Baffana ya fi shekara talatin yana sayen ƙaro a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a gabashin Sudan, kuma ban taɓa ganin ya daɗe a kan buhu ɗaya ba. Yakan zura hannu can tsakiya, ya ciro dunƙule, ya ɗaga shi saitin rana, sannan ya matsa shi tsakanin yatsu. Idan ya yi tauri, ya fashe kamar gilashi, cikinsa garai-garai, sai ya ce hashab ne, wato ƙaron dakwara. Idan kuwa ya marmashe, launinsa ya karkata zuwa ja, sai ya ce ɗalha ce, ƙaron dushe, nan take kuma farashin kantari, ma'aunin nauyin da ake ciniki da shi, ya sauko. A cikin wannan ɗan lokaci idonsa da yatsunsa sun karɓi abubuwa da yawa, launi da sheƙi da nauyi da ƙura da guntayen ɓawo, amma ya watsar da kusan dukansu ya riƙe biyu ko uku, ya yanke hukunci a kansu. Abin da masu lissafi ke kira taƙaita bayanai ke nan, sai dai shi bai taɓa buƙatar sa masa suna ba.

Gwanintar tasa tana ƙarewa ne a bakin injin niƙa. Da zarar an farfasa ƙaro ƙanana ko an mayar da shi gari, sheƙin ya tafi, taurin ya tafi, fari ya haɗu da fari. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, Sudan ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen ƙaron da ke shiga kasuwar duniya, inda ake zuba shi a lemon kwalba da alawa da magunguna a ƙarƙashin lambar E414, kuma ko da yake ƙa'idojin abinci na duniya sun yarda a kira hashab da ɗalha da suna ɗaya, aikinsu ya bambanta: hashab ya fi iya riƙe mai a cikin ruwa, shi ya sa ya fi tsada, shi ya sa kuma ake samun mai gauraya shi da ɗalha ya sayar a kuɗin hashab. A nan ne ake komawa ga na'urar auna bakan haske.

Aikin na'urar a sauƙaƙe yake. Tana haska samfurin, ta karɓi hasken da ya dawo, ta rarraba shi kamar yadda yayyafi ke rarraba hasken rana ya zama bakan gizo, sannan ta rubuta yawan hasken da samfurin ya shanye a kowane zango. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tsawon igiyar kuma shi ne zangonsa, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon mutum yana gani daga wajen 400 zuwa 700. A shekarar 1800 William Herschel, a Ingila, ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da inda jan launi ya ƙare, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya tashi. Da haka aka san akwai hasken da ba a gani, wanda ake kira infared. Ɓangarensa da ke maƙwabtaka da ja, daga wajen 780 zuwa 2500, shi ne infared na kusa, kuma Karl Norris na ma'aikatar noma ta Amurka ne ya nuna a shekarun 1960 cewa ana iya auna danshin hatsi da shi ba tare da an jiƙa ko an ƙona komai ba. Dalilin shi ne haɗin haidirojin da wasu sinadarai yana shan wannan haske a wurare sanannu: ruwa a wajen 1450 da 1940, mai a wajen 1725 da 2310, furotin tsakanin 2050 da 2180.

Wanda ya ji wannan zai zaci an gama magana, a duba wurin furotin kawai a karanta. Da haka ne da ba a buƙaci lissafi ba. Tudun da kowane sinadari ke yi a bakan infared na kusa faffaɗa ne, wannan ya hau kan wancan, na sukari ya danne na furotin, na ruwa ya danne kowa. Idan aka ɗora bakan hashab a kan na ɗalha, ido zai ga layi biyu masu kama da tagwaye.

Na'urar ɗakin gwaji da ke aunawa daga 1100 zuwa 2500, tana tsayawa kowane nanomita biyu, tana ba da lamba kusan 700 a kan cokalin gari ɗaya. A ce an auna buhu 60. An tara lamba 42,000 ke nan. Yawan nan yana da ruɗi ta fuska biyu. Da farko dai lambobin ba masu zaman kansu ba ne, domin abin da aka karanta a 1940 kusan shi ne a 1942 da 1944, kamar shaidu ɗari bakwai da yawancinsu daga baki ɗaya suka ji labarin. Ta biyun ta fi haɗari, kuma ita ce mutane suka fi jinkirin yarda da ita: muddin yawan ma'aunai ya wuce yawan samfura, kusan kullum ana iya samun lissafin da zai raba samfuran gida biyu ba kuskure ko ɗaya, ko da ƙuri'a aka jefa wajen sa musu suna. Ka rubuta hashab da ɗalha a kan buhuna 60 ido rufe, kwamfuta za ta samo maka haɗin lambobin da ya raba su tsaf, ranar da ka kawo buhu na 61 kuma amsarta ba ta fi canke ba. Gordon Hughes ya bayyana wannan tun 1968: idan samfuran koyo ba su ƙaru ba, ƙarin ma'aunai yana gyara sakamako zuwa wani matsayi, daga nan sai ya fara ɓata shi.

Abin da ya sa taƙaitawa take yiwuwa shi ne abubuwan da ke sauyawa da gaske a cikin garin ƙaro 'yan kaɗan ne. Akwai danshi, akwai furotin, akwai yadda nau'o'in sukari suka rabu a cikinsa, akwai dattin ɓawo, akwai laushin niƙa. Tun 1852 August Beer ya nuna cewa shan haske yana tafiya daidai da yawan abin da ke shan sa, don haka bakan abu gauraye kusan jimlar bakan abubuwan da aka gauraya ne. Lamba 700 ɗin nan, ashe, inuwar abubuwa biyar ko shida ce. Aikin shi ne a koma daga inuwar zuwa ga masu ita.

Kafin a kai can sai an yi sheƙa. Babban ƙaiƙayin da ke cikin bakan gari shi ne warwatsuwar haske: gari mai tsaki-tsaki da gari mai laushi, ko daga dunƙule ɗaya aka niƙa su, ba sa mayar da haske daidai, sai layin ɗaya ya hau sama gaba ɗayansa ya kuma miƙe. Hanyar da Barnes da Dhanoa da Lister suka wallafa a 1989 tana maganin wannan ta hanyar cire wa kowane baka matsakaicinsa a kuma raba shi da faɗin warwatsuwarsa, ta yadda duka za su tsaya a ma'auni guda. Akwai kuma wadda Harald Martens da abokan aikinsa suka fitar a shekarun 1980, mai daidaita kowane baka da matsakaicin bakan rukunin. Sai kuma karkarwar na'urar kanta, wadda ke sa layin ya yi ƙananan haƙora. Abraham Savitzky da Marcel Golay sun ba da maganinta a 1964: a ɗauki 'yan lambobi maƙwabta, a ce 11 ko 15, a ja lanƙwasa mai santsi ta tsakiyarsu, a matsa gaba a sake. Da wannan hanyar ake fitar da gangarar layin, wato saurin hawansa da saukarsa, wadda ke share tudun gindi ta kuma fito da ƙananan kafaɗu da suka ɓuya. Amma kowane mataki a nan yana da farashi. Idan aka faɗaɗa tagar santsin, ƙaramin tudun furotin da ake nema zai narke tare da haƙoran. Idan aka ƙuntata ta aka kuma ɗauki gangara ta biyu, karkarwar ce za ta ninka. Mai rariya ya san ba a tankaɗe riɗi da rariyar dawa, kuma babu wata taga guda da ta dace da kowace na'ura da kowane kaya.

Bayan sheƙa hanya ta rabu biyu. Ana iya zaɓar 'yan zanguna a bar sauran, kamar yadda na'urorin farko na auna alkama suka yi aiki da 'yan matatan haske kaɗan, kamar kuma yadda masu lura da gonaki ta tauraron ɗan Adam suke haɗa zango biyu kacal, ja da infared na kusa, su fitar da lamba ɗaya mai nuna koren shuka. Da irinta ake bibiyar gonakin Jazira da na dawar Gadarif daga sama. Kyawun wannan hanya shi ne kowa yana gane abin da aka auna. Rauninta kuwa shi ne wajen zaɓen: wanda ya gwada dubban haɗe-haɗe ya ɗauki wanda ya fi kyau a kan samfuransa, ya koma cikin ramin da Hughes ya yi gargaɗi a kansa. Hanya ta biyu ita ce a narkar da duka 700 a ƙera sababbin ma'aunai kaɗan daga cikinsu, kuma uwar wannan hanya ita ce ta manyan ginshiƙai, wadda a manhajoji ake rubuta ta da haruffa uku, PCA. Karl Pearson ne ya kafa tushenta a 1901, Harold Hotelling ya ba ta siffar da aka sani a 1933.

Tela ya fi kowa fahimtarta. Idan zai ɗinka maka jallabiya yakan auna wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo, wataƙila abu goma. Amma mai sayar da ɗinkakku a kasuwa bai damu da goman ba, domin ya lura suna tafiya tare: mai faɗin kafaɗa yawanci mai dogon hannu ne, mai kaurin wuya ne. Sai ya haɗe su a ma'auni ɗaya, babba ko matsakaici ko ƙarami, kuma wannan kaɗai ya gamsar da mafi yawan masu saye. Ginshiƙi na farko ke nan, layin da mutane suka fi bambanta a kansa. Waɗanda rigar ba ta zauna musu ba kuwa, idan ya duba, zai ga sun kasu a kan wani layin dabam wanda ba ruwansa da girma, dogo siriri a wannan gefe, gajere kakkaura a wancan. Ginshiƙi na biyu ke nan. Haka lissafin yake yi wa bakan haske. Yana neman fuskar da samfuran suka fi warwatsuwa a kanta, ya cire ta, ya nemi ta biye a cikin abin da ya rage, da sharaɗin kada ta maimaita ta farko, har a kai inda sauran karkarwa ce kawai. Kowane samfuri yana samun maki a kan kowane ginshiƙi, sai buhu ya zama ɗigo ɗaya a kan takarda maimakon layi mai lamba 700. Kowane ginshiƙi kuma yana da jerin nauyinsa, wanda ke nuna zangunan da suka gina shi. Makin kowa ke rububin kallo domin shi ne mai ban sha'awa, alhali nauyin ne ke faɗin abin da aka auna.

Wannan na koye shi ne da kunya. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki na 'yan watanni, na tara samfura daga rumbun Baffa da kuma kasuwa, na niƙa, na auna, na zana makin ginshiƙi na farko da na biyu. Ɗigon hashab suka taru a hagu, na ɗalha a dama, tsakaninsu fili fetal, ginshiƙi na farko shi kaɗai ya kwashe kusan duk bambancin. Har na ɗauki hoton allon zan aika wa Baffa. Wata dattijuwar ma'aikaciya da muke kira Hajja ta tsaya a bayana, ta sauke tabarau, ta ce in buɗe mata nauyin ginshiƙin. Na buɗe. Tudu biyu ne kawai a ciki, ɗaya a 1450, babba a 1940. Ta ce, "Barka, ɗana, ka gano cewa ɗanyen abu ya fi busasshe jiƙa." Hashab ɗin da na yi amfani da shi na bara ne, ya shekara a rumbu ya bushe ƙayau, ɗalhar kuwa sabuwar shigowa ce. Ruwa na raba, ban raba itace ba. Da muka baje duka samfuran a ɗaki ɗaya na mako guda, muka tankaɗe su da rariya guda, muka sake aunawa, sai gidajen biyu suka cakuɗe a kan ginshiƙi na farko, rabuwar gaskiya kuma ta leƙo can a ginshiƙi na uku, siririya, nauyinta yana wajen furotin, wanda hashab ya fi ɗalha yawansa.

Darasin da ke ciki ya shafi hanyar kanta, ba sakacina kaɗai ba. Manyan ginshiƙai ba su san tambayar da kake yi ba. Abin da ya fi bambanta suke bi, kuma a kayan gona abin da ya fi bambanta kusan kullum danshi ne da laushin niƙa. Shi ya sa al'adar da ta yaɗu, ta riƙe ginshiƙan da suka ɗauke kashi 95 cikin 100 na bambanci a zubar da saura, take iya zubar da amsar tare da dusa. A ganina wannan ƙa'ida ta dace da mai son rage nauyin ajiya, ba ta dace da mai neman gano algus ba, domin algus a ƙaramin kason nan yake zaune.

Saboda wannan ne aka ƙirƙiro hanyoyin da ke taƙaitawa suna kallon amsa. Ronald Fisher ya fara a 1936 da furanni, inda ya nemi layin da zai nisanta tsakiyar rukunai ya kuma matse kowane rukuni a cikin kansa. Sai dai lissafinsa ba ya tsayuwa idan ma'aunai sun fi samfura yawa, don haka akan fara rage su da manyan ginshiƙai kafin a miƙa masa. Wadda ta mamaye fannin ita ce PLS, wadda Herman Wold na Suwidin ya ƙirƙiro domin lissafin tattalin arziki, ɗansa Svante Wold tare da Harald Martens suka daidaita ta da aikin sinadarai a farkon shekarun 1980. Ita ma ginshiƙai take ginawa, amma maimakon ta tambayi ina samfuran suka fi warwatsuwa, tana tambaya ina warwatsuwarsu ta fi tafiya tare da abin da ake nema, ko yawan mai a riɗi ne ko kason ɗalha a cikin gari. Da ita abin da ya ɓuya a ginshiƙi na uku yakan dawo na farko ko na biyu. Ko da da ita na fara, da ba ta kuɓutar da ni daga kuskurena ba, ya kamata a lura. Da ma ta fi saurin kama danshin ta ɗauke shi a matsayin amsa, tunda a samfurana duk ɗalha ɗanya ce.

Kuma tunda tana ganin amsa, tana da cutar ɗalibin da ya haddace takardar jarrabawar bara. Kowane ginshiƙi da aka ƙara yana rage kuskure a kan samfuran koyo, har kuskuren ya kusa zama sifiri, alhali daga wani matsayi karkarwar na'ura take haddacewa. Maganin da aka sani shi ne a ɓoye wani kaso na samfuran, a gina ma'aunin da saura, a jarraba shi da ɓoyayyun, a juya har kowa ya taɓa zama ɓoyayye, sannan a tsaya a yawan ginshiƙan da kuskuren jarrabawar ya daina sauka. A nan ma akwai wata zamba da mutum ke yi wa kansa bai sani ba. Idan an auna buhu ɗaya sau goma, aka bar kwamfuta ta raba awon da ka, bakwai za su faɗa wajen koyo uku wajen jarrabawa, ma'aunin zai gane buhun kamar yadda ake gane fuskar maƙwabci, sakamakon ya fito kusan ɗari bisa ɗari. Ya kamata a ɓoye buhu gaba ɗayansa, mafi kyau ma a ɓoye kayan ɗan kasuwa guda ko na yanki guda ko na kaka guda, kuma duk wani zaɓen zango ko faɗin taga a yi shi ba tare da an leƙa ɓoyayyun ba. Akwai wani gwaji mai arha da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba: a cakuɗa sunayen samfuran da gangan, a sake gina ma'aunin sau da yawa. Idan da sunayen ƙarya ma yana cin jarrabawa, to hanyar jarrabawar ce ke yoyo.

Sauran matsala ɗaya wadda ta fi shafar ɗan kasuwa. Ma'aunin da aka koya wa gida biyu dole ya jefa duk abin da aka ba shi a ɗayansu. Ka ɗora masa garin sitaci, zai ce hashab ko ɗalha, bai da bakin cewa bai sani ba. Svante Wold ya kawo wata dabara a 1976, wadda aka sani da SIMCA, inda ake gina wa kowane rukuni ginshiƙansa shi kaɗai a kuma shata masa iyaka. Sabon samfuri tambaya biyu ake yi masa: yaya nisansa daga tsakiyar gidan a cikin ginshiƙan, wanda akan auna da nisan da masanin Indiya Mahalanobis ya bayyana a 1936, da kuma nawa ne ya rage daga bakansa wanda ginshiƙan suka kasa bayyanawa. Wannan ragowar, wadda taƙaitawa ta zubar, ita ce ke tona asirin baƙon abu. Abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008 ya nuna muhimmancinta: gwajin furotin na madara yawan naitirojin kawai yake aunawa, lamba ɗaya tak, sai masu algus suka zuba melamin, sinadari mai yawan naitirojin, madarar da aka tsinka da ruwa ta ci gwaji, jarirai suka mutu, dubbai suka kwanta da ciwon ƙoda. Duk wanda ya san lambar da kake kallo zai iya ƙera maka ita.

Game da sababbin hanyoyi ba zan tsawaita ba. Akwai masu zana taswirar samfura, irin su t-SNE ta 2008, waɗanda ke fitar da gungu-gungu masu kyan gani, amma nisan da ke tsakanin gungun ba abin dogaro ba ne kuma ba su da nauyin da Hajja za ta ce a buɗe mata. Akwai kuma manyan tsare-tsaren koyon na'ura masu kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke da amfani inda samfura suka kai dubbai, kamar hotunan sama masu zango 224 da na'urar AVIRIS ta Amurka ta ɗauka. A kan buhu 60 kuwa hadda kawai za su ƙara.

Akwai kuma abin da babu lissafin da zai ciro shi, domin hasken bai ɗauko shi ba. Infared na kusa yana jin abin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin dubu na samfuri. Gubar afulatoksin da ke hana gyaɗarmu shiga kasuwannin waje kuwa, iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa gyaɗar ci ita ce maikirogiram 4 a kilo, wato kashi huɗu cikin biliyan. Idan aka ce wata na'ura tana gano ta, abin da take gani shi ne ɓarnar da fumfuna ta yi wa ƙwayar, sauyin mai da launi da danshi, wanda wani lokaci yana tafiya tare da gubar wani lokaci kuma ba ya tafiya. Tana da amfani wajen ware buhun da ake zargi, amma takardar shaida sai gwajin sinadarai.

Shi kansa ƙaro yana da irin wannan gwaji na asali, kuma abin sha'awa lamba ɗaya ce. Idan aka narkar da shi a ruwa aka ratsa shi da hasken da aka daidaita wa fuska, hashab yana juya hasken hagu da wajen digiri 30, ɗalha kuma dama da wajen digiri 50. Garin da aka sa wa ɗalha kashi ɗaya cikin goma zai sauko zuwa wajen 22 a hagu, abin da ba ya ɓuya. Matsalarsa ita ce jira, sai an narkar, an tace, an auna danshi, ga mota tana jiran lodi. Bakan haske yana ba da amsa cikin daƙiƙoƙi, amma daga wannan gwajin yake aron gaskiyarsa, kuma ba zai fi shi daidai ba. Wannan ya ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, hanyoyin da ƙaro ke bi daga Kurdufan da Darfur zuwa tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan suka rikice, kaya ya riƙa sauya hannu da buhu sau da yawa kafin ya iso. Rubutun da ke jikin buhu bai isa a koyar da na'ura da shi ba. Duk samfurin da zai shiga koyo sai an tabbatar da shi tukuna.

Kwanakin baya wani mai talla ya kawo wa Baffa ƙaramar na'ura ta hannu, mai haɗuwa da waya, ya ɗora ta a kan gari, allon ya rubuta hashab. Yawancin irin waɗannan daga wajen 900 zuwa 1700 suke gani, wato ba sa kaiwa babban tudun ruwa na 1940 balle yankin furotin da ke gaba da 2000, kuma ma'aunin da aka gina a ɗaki mai sanyi yakan karkace a zafin rumfar kasuwa, domin tudun ruwa yana gusawa da zafi. Baffa bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya juya na'urar a hannunsa, ya ce, "Samari, wa ya koya mata, kuma da ƙaron wace shekara?" Mai tallan ya ce kamfani ne ya gina ta. Baffa ya miƙa masa abinsa, ya juyo gare ni ya ce, "Kai da ka yi karatun, in za ka koya wa taka, ka fara da rumbuna, amma ka haɗa da na Sinnar da na Kurdufan, ba halinsu ɗaya ba."

Tun da aka fara tsaga itatuwa bayan damina nake ɗibar ƙaro kashi biyu daga kowane buhun da ya shigo, ɗaya na narkarwa ɗaya na haskawa, ina rubuta yankinsa da watan da aka tsince shi da rariyar da aka tankaɗe shi. Na Sinnar sun shiga, na Kurdufan kaɗan ne suka samu isowa. Na Damazin ba su zo ba sai makon jiya, kuma uku na farko da na ɗora, ragowar bakansu ta wuce iyakar gidajen biyu, ma'aunin ya ce bare ne. Suna nan a baje a ɗakin da sauran suka sha iska, sai mako ya cika in sake aunawa in ga ko danshi ne ko wani abin dabam.